Tambaya da amsa: Yadda ake auna man bwat (akwatin giyar mota) otomatik, da abin da ake ƙarawa idan ya ragu

Tambaya, daga wani mai karatu a Tawa:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne. Ina da Toyota Corolla ta 2006, otomatik, wadda na saya ta hannu shekara biyu da suka wuce. Kwanan nan idan na tashe ta da safe na sa D, sai ta yi jim kafin ta kama, sannan ta fizga. Makon jiya a hanyar Ƙonni na taka mai, na ji inji yana ƙara amma gudu bai ƙaru ba, na ɗan lokaci kaɗan. Kuma ina ganin ɗigon jan mai a inda take kwana. Yaron da ke yi mini juyen man inji ya zaro sandar awo, mota a kashe, ya ce mai ya cika har ya wuce. Wani a tasha ya ce in sayi jan mai lita guda in ƙara, kowane iri na samu. Wani kuma ya ce kada in kuskura in juye man, bwat za ta mutu. Maganar wa zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa ilimi albarka. Na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka zuba komai, domin gyaran bwat otomatik na cikin gyare-gyaren da suka fi cin kuɗi a mota, kuma sau da yawa ɓarnar daga ɗan ɗigon da aka raina take farawa.

Cikin mutum ukun nan babu wanda ya auna man motarka. Na farko ya zaro sanda amma bai auna ba, na biyu ya ba da magani bai ga mara lafiya ba, na uku kuma ya faɗi maganar da ke da ƙanshin gaskiya amma ba a wurinta ba. Bari in fara da yaronka, don kuskurensa shi ne wanda na fi gani a garaji.

Man inji ana auna shi mota a kashe, shi ya sa hannun yaro ya saba da haka. Man bwat otomatik na Toyota kuwa ana auna shi inji yana aiki. Dalili shi ne, cikin bwat akwai famfo da inji ke juyawa. Da zarar an tayar da mota, famfon nan yana zuƙe mai daga kaskon ƙasa ya cika konbatisa, wato wannan ƙarfen mai kama da ƙwarya biyu da aka kife da juna, wanda ke tsakanin inji da bwat. Yana kuma cika ƴan hanyoyin mai da ke cikin bwat, da tiyo biyu masu kai mai radiyate su dawo da shi. Idan aka kashe mota, wani kaso na wannan mai yana gangarowa ya koma kasko. To ka ga wanda ya auna a lokacin zai ga mai ya haura sama, ya ce ya cika har ya wuce, alhali da an tayar da inji sai ya sauka ƙasa da layi. Ke nan maganar yaronka ba ta wanke motarka ba. Ta yiwu ƙwarai man ya ragu.

Kuma alamomin da ka faɗa sun yi kama da haka. A bwat ta hannu, mai shafawa kawai yake yi don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A otomatik kuwa mai shi ne hannun da ke sa giya. Ƙarfin matsinsa ne ke danne faya-fayen kuloci na ciki su kama, shi ke ɗaukar ƙarfin inji ta cikin konbatisa, shi ke kwashe zafi. Idan ya ragu, famfo yana haɗawa da iska, matsi ya faɗi, faya-faye su riƙa zamewa maimakon su kama. Da safe mai yana da sanyi, ya tsuke, shi ya sa raguwar ta fi nunawa a lokacin. Ƙarar injin da ka ji a hanyar Ƙonni ba tare da ƙarin gudu ba, wannan zamewa ce, kuma ita ce ta fi damuna cikin wasiƙarka, don kowace zamewa tana ƙona faya-fayen. Ka daina tafiya mai nisa da motar har sai ka yi abin da zan gaya maka.

Ga yadda za ka auna da hannunka. Ka nemi farin tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Ka tuƙa motar kamar kilomita 15, misali ka fita hanyar Ƙonni ka yi 7 ko 8 ka juyo. Abin da ake nema shi ne mai ya kai zafin aikinsa, digiri 70 zuwa 80. Tsayuwa a ƙofar gida inji yana aiki ba ta wadatar, domin ruwan inji yana riga man bwat yin zafi nesa ba kusa ba, sai allurar zafi ta nuna maka an kai alhali bwat na da saura. Haka kuma kada ka auna daga saukowarka daga doguwar tafiya da rana tsaka. Wanda ya taso daga Yamai ya yi sama da kilomita 500 cikin zafin Afrilu, mansa ya kumbura fiye da ƙima, sai ya bar motar ta huta kamar rabin awa.

Ka tsaya a wuri mai daidai. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne a garinmu, inda yawancin ƙofofin gidaje rairayi ne da gangare. Daɓen siminti na gidan mai ya fi. Ka ja birkin hannu, ka taka birki, inji yana aiki, sai ka bi da giya ta kowane gurbi, daga P zuwa R, N, D, har L, kana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku a kowanne, sannan ka dawo P. Kada ka kashe. Ka buɗe gaban mota.

A nan ina roƙonka abu guda: ka naɗe hannun riga, in da rawani ka cire ko ka cusa jelarsa. Bel yana juyawa, fankar radiyate kuma tana tashi da kanta ba sallama.

Sanda biyu ce a wurin. Ta man inji tana jikin inji, yawanci da kai ruwan ɗorawa. Ta bwat tana can gefen batir, ta fi nutsewa ƙasa, da ɗan makulli da ake turawa gefe kafin ta fito. Ka zaro ta ka goge tas, ka mayar har ta zauna, ka sake zarowa. Za ka ga gurbi biyu, COOL (na sanyi) a ƙasa da HOT (na zafi) a sama. Tun da motarka ta yi zafi, HOT ne naka, mai ya tsaya tsakanin alamominsa biyu. COOL an yi shi ne don kimantawa kawai, kamar lokacin da makaniki ya gama juye yana so ya san ko akwai isasshen mai da za a tayar da mota. Ka duba fuska biyu na sandar, in sun saɓa ka ɗauki wadda ta fi ƙasa, domin ɗayar ta shafo jikin bututu ne. Ka maimaita sau biyu ko uku. Jan mai mai tsabta yana da wuyar gani a kan ƙarfe, sai ka karkata sandar wajen haske ka ga inda sheƙi ya tsaya.

Kada ka jefar da tsumman, shi ne rabin amsar. Ka duba launin da ya bari, ka kuma kai shi hanci. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo, ana ganin zaren tsumma ta cikinsa. Wanda ya yi aiki yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta, wannan tsufa ne kawai, juye yake so. Amma in ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama a gindin tukunya, to faya-faye sun ƙone. In ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsaki-tsaki, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a rana, abin ya wuce ƙarin mai. Akwai kuma launi guda da nake so kowa ya sani: in ka ga ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga. Yawanci ɗan bututun sanyaya mai da ke cikin radiyate ne ya fashe, ruwan inji ya haɗu da man bwat. Wannan a kashe mota nan take, domin ruwa yana ɓanɓare fatar da ke jikin faya-fayen.

Sai maganar mutumin tasha. Ja ba suna ba ne, Malam, rini ne da ake sa wa mai don a bambanta shi da man inji. Mai iri-iri ne ke zuwa da ja, kuma santsinsu da kaurinsu ba ɗaya ba ne. Corolla ta shekarun motarka da Toyota Type T-IV aka yi ta, amma kada ka tsaya a maganata: ka karanta jikin sandar, galibi an buga sunan man a jikinta ko a kan mariƙinta, ko ka duba littafin mota in ya zo da ita. In ba ka samu na Toyota ba, ka juya bayan galan ka nemi inda aka rubuta T-IV ko JWS 3309. Toyota da suka biyo baya sun koma wani mai da ake kira WS, wanda ya fi ruwa-ruwa, tsofaffin na shekarun 1990 kuma da Dexron II ko III suke aiki. Dexron III shi ne jan man da ya fi yawa a kantunanmu, shi ne kuma za a miƙo maka in ka ce a ba ka jan mai. Motar za ta tafi da shi, shi ya sa mutane ke cewa ai duk ɗaya ne, amma kamun faya-fayen yana canzawa, bayan watanni sai a fara jin karkarwa ko bugu wajen canjin giya, a rasa daga ina abin ya fito. Ka sayi wanda bakinsa ke like daga kamfani. Man da aka ɗura a gorar ruwa a bakin hanya, ko mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba.

Lita guda kuma ta yi yawa a zuba a tashi ɗaya. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin motoci bai wuce rabin lita ba. Ta bututun sandar ake zubawa, da siririn mazurari mai dogon baki, wanda ka wanke ka busar, ba wanda aka gama zuba man inji da shi ba. In ana iska da ƙura ka shiga rumfa, domin hanyoyin mai na cikin bwat wasu ba su fi kaurin tsinke ba, ƙwayar rairayi na iya maƙale bawul. Ka zuba kamar rubu'in lita ko ƙasa da haka, ka jira minti uku zuwa biyar man ya gama gangarowa daga jikin bututu, ka sake bi da giya, ka auna. In bai kai ba ka ƙara kaɗan. Gara ka yi sau huɗu a hankali da ka wuce layi sau ɗaya.

Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa irin wannan ƙari. Mai ita ya ji tana jinkiri, aka zuba masa lita guda, bai ji sauƙi ba aka ƙara wata. Da na zaro sandar, kumfa ce tun daga ƙasa har sama, ƙananan ƙwayoyi kamar na sabulu, bayan bwat kuma ya jiƙe sharkaf da man da ya yi ambaliya ta hancin numfashinta. Idan mai ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi kamar yadda maburgi ke kaɗa miya, ya cika da iska. Iska kuwa tana matsuwa, ba ta danne kuloci. Sai ka ga mai ya yi yawa amma alamar irin ta ƙarancin mai ce: zamewa da zafi. Muka zuƙe abin da ya wuce da sirinji da siririn tiyo ta bututun sandar, Allah ya taimake shi bai yi nisa da ita ba, ta dawo daidai.

Yanzu ga abin da ya fi ƙarin man muhimmanci. Inji yana iya ƙona mai har ya ragu, bwat kuwa ba ta shanye manta. Duk man bwat da ya ragu, fita ya yi ta wani wuri, kuma kai ma ka ga ɗigonsa. Yau da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar, da safe ka ga inda ya ɗiga. Sai dai ka lura, abu uku ne ja a gaban Toyota. Man sitiyari a irin waɗannan motoci shi ma jan mai ne, ruwan radiyate na Toyota kuma ja ne ko ruwan hoda. Na radiyate ruwa ne, in ka taɓa ba ya da maiƙo sosai, kuma yana bushewa. Na sitiyari ka duba ɗan tulunsa ka ga ko ya ragu. In na bwat ne, wuraren da aka fi samu su ne bakin kaskon ƙasa, wanda dutse ko kututture kan buga a hanyoyin karkara, sai robar da ke toshe inda sandunan ƙafafun gaba suka shiga bwat, sai tiyo biyun nan na radiyate, waɗanda zafi ke busarwa su tsattsage a bakin ɗauri, sai wanshar kusar juye. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙi. Wanda ke da wahala shi ne in man yana fitowa daga mahaɗar inji da bwat, don sai an sauke bwat kafin a kai ga robar. Ka sa a wanke ƙasan motar, a tuƙa ta kaɗan, a ɗaga ta a duba. Wanda ya ce maka a ci gaba da ƙarawa kawai ba tare da an nemo mafitar ba, bai yi maka adalci ba.

Maganar na uku, cewa juye yana kashe bwat. Ga inda ta samo asali. Mutane ba sa tunawa da man bwat sai ta fara ciwo. A lokacin faya-faye sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan taimaka musu su kama. Aka zuba sabo, zamewa ta fito fili, sai a ɗora wa juye laifi. Saboda haka tsumman nan ne zai yanke hukunci. In man motarka ja ne ko ruwan ƙasa ba ƙauri, ka gyara yoyon, ka yi juye hankalinka kwance. In baƙi ne mai ƙauri, ka cika shi zuwa layi kawai, ka kai wa wanda ya san bwat otomatik ya sauke kasko ya ga abin da ya taru a kan maganaɗisun da ke ciki. Laushin baƙin gari kaɗan ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe kuwa labari ne daban.

Juyen da nake ba da shawara shi ne na kwance kusa a bar mai ya tsiyaye da kansa. Bwat ɗinka tana ɗaukar kusan lita 7, amma wajen lita 3 kawai ke fita ta kusa, sauran yana cikin konbatisa. Ka auna abin da ya fita, ka mayar da kwatankwacinsa, ka daidaita da sanda. In man ya tsufa sosai, ka yi tafiyar ƴan kwanaki ka sake, har sau biyu ko uku, a hankali yake washewa. Ban son a tura wa tsohuwar bwat mai da ƙarfin na'ura ko a zuba mata maganin wanki. A ganina, da zafin Tawa da ke haura digiri 40 a bazara, da ƙura, da lodin da muke yi wa motoci, duk kilomita 40,000 zuwa 60,000 ya kamata a yi juye, ko da wani ya ce maka man na har abada ne.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan mai, kuma akwai halaye biyu namu da ke dafa shi. Na farko idan mota ta kafe a rairayi, sai direba ya riƙa watsa giya daga D zuwa R yana taka mai da ƙarfi. Minti kaɗan na haka ya isa ya ƙona man da zai yi shekaru. A sauka a tone, a rage iskar taya, a sa itace ko a tura. Na biyu a hawan duwatsun Adar, wajen Keita ko Buza, mota cike da mutane da buhuna, za ka ji tana shiga giyar sama tana fita, tana shiga tana fita. Ka danna maɓallin O/D, wato na giyar sama, ya kashe, ko ka sauko da ita 3 in motarka mai gurbin 3 ce, ta zauna a giya guda har a gama hawan. In kuma ta lalace a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa ƙafafun gaba a ƙasa. Inji a kashe famfo ba ya juyawa, ƙarafan ciki za su yi ta gudu ba mai. A ɗora ta a babbar mota ko a ɗaga gabanta.

Saboda sauran masu karatu, kada kowa ya ɗauki wannan tsari ya kai kan motarsa ba bincike. Honda masu otomatik na da ana auna su ne bayan an kashe inji, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma mansu daban ne, Z1 a da, yanzu DW-1. Hyundai da Mitsubishi da yawa a N ake auna su, ba a P ba. Motocin da ke da bwat irin CVT, wato otomatik da ba ta da giya hawa-hawa, kamar Nissan da yawa da yawancin Corolla ta Amurka daga 2014, mansu na musamman ne, jan mai na yau da kullum yana lalata su. Akwai kuma ƙananan Toyota da ake kawowa daga Turai, irin Yaris da Auris, waɗanda giyarsu ke nuna R, N, E da M babu P. Waɗannan bwat ta hannu ce da na'ura ke canza wa giya, man bwat ta hannu suke sha.

Wasu kuma ba su da sanda sam, kamar Camry mai giya shida. Su ana ɗaga mota ne a daidai, inji yana aiki, a kwance wata kusa a ƙasa, in mai ya kai sai ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Amma awon yana da zafin da aka ƙayyade masa, a yawancinsu wajen digiri 35 zuwa 45, ana karanta shi da na'urar bincike. To a Tawa cikin Mayu, motar da ta wuni a rana ta riga ta kai wannan zafin ko ba a tayar da ita ba. Wanda ya yi awon da azahar zai bar mai ya zube fiye da ƙima, motar ta fita da ƙarancin mai. Irin wannan aiki a bar mota ta kwana a garaji, a yi shi bayan sallar asuba.

Kai dai Malam motarka mai sanda ce, aikin bai fi ƙarfinka ba. Ka auna gobe yadda na faɗa. In ka samu mai a ƙasa da HOT, ka cika da T-IV, ka sa a toshe yoyon, sannan ka saurare ta kwana uku da safe. In jinkirin ya tafi, man kuma ba baƙi mai ƙauri ba ne, ka yi juye bayan mako guda. In kuma mai yana kan layi amma har yanzu tana jim kafin ta kama D, to matsalar tana ciki, ko matatar da ke cikin kasko ta toshe ko robobin kuloci sun bushe, sai a sauke kasko a gani. Ka sake rubuto mini da launin da ka gani a tsumma da kilomitan da motar ta yi, in gaya maka mataki na gaba.